Ciyawar teku: da gaske akwai kuɗi a ciki, kuma ina ruwan mutumin Kebbi da ita?

Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a watan Agustan 2023, aka damƙa ta ga tsohon gwamnan Osun, Adegboyega Oyetola, wasu sababbin kalmomi suka shiga bakin 'yan rediyo da masu rubutu a Facebook. Ɗaya daga cikinsu ita ce ciyawar teku. An ce wasu ƙasashe suna kwasar daloli da ita. An ce ba ta neman taki, ba ta neman ban ruwa, ba ta neman gona. Har na ga wani ya rubuta cewa ita ce man fetur na gobe. To, mece ce wannan ciyawar? Kuɗin da ake faɗa gaskiya ne? In gaskiya ne, mu da sai mun yini cur a mota kafin mu ga teku, muna da rabo ko 'yan kallo ne?

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani ya faru ne a Argungu. Ina zaune wajen kawuna, tsohon masunci, yana gyaran koma a inuwa, sai wani ƙanenmu ya kunna mana saƙon murya da aka turo a WhatsApp. Mai maganar yana tallar horo na kwana uku, wai za a koya wa matasa noman ciyawar teku a cikin tankin roba a tsakar gida, kuɗin rajista kaza, kuma wai akwai Turawan da za su saye duk abin da aka noma. Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗana, in hakin ruwa na aka saye da dala, su taho su kwashe wanga da yac cika muna gulbi, ko sisi ba mu so." Muka yi dariya. Amma daga baya na lura cewa da mai tallar da kawu, duk abu ɗaya ya ruɗe su, sun ɗauka kowace ciyawar da ta fito a ruwa ita ake nufi.

Da farko, ba kainuwa ba ce

Kainuwa da bado da kachala da burugu tsirrai ne cikakku. Suna da saiwa, suna da ganye, suna fure, suna yin iri. Ciyawar teku kuwa dangin gansakuka ce, wato koren abin nan mai santsi da ke fitowa a gindin randa ko a bangon rijiya. Ba ta da saiwar da ke jawo abinci daga ƙasa. Abin da ke kama da saiwa a jikinta na riƙe dutse ne kawai don kada igiyar ruwa ta tafi da ita. Abincinta ta duk jikinta take zuƙarsa daga ruwan da take ciki, sai hasken rana.

Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: ja, da ruwan ƙasa, da koriya. Wata ba ta wuce tafin hannu ba. Wata kuma, a tekuna masu sanyi, tana wuce mita 30 a tsawo, kuma in yanayi ya yi mata daɗi tana iya ƙara kusan rabin mita a rana ɗaya.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce ta kashe zancen tankin tsakar gida. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, wajen cokali biyu na cin abinci ke nan. Jikin nau'o'in da ake kasuwancinsu an gina shi ne a kan wannan ruwan. In ka jefa su a Gulbin Rima ko a tafkin Kainji, ruwan daɗi zai shige su, su yi fari, su ruɓe cikin 'yan kwanaki. Ana iya haɗa ruwan teku na jabu a ɗakin bincike, a kula da zafinsa da motsinsa, amma kuɗin haɗin da na lantarki zai ninka abin da za a girbe sau ba adadi, domin ita ciyawar, kamar yadda za mu gani, arha gare ta ƙwarai. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya koya maka nomanta a Jega ko Zuru, aljihunka yake noma.

Ta daɗe a gidajenmu ba mu sani ba

Ɗauki robar askirim, ko kwalin madarar cakulan, ko man goge baki, ka juya bayansa inda aka jera abubuwan da aka haɗa. Sau da yawa za ka ga E407. Wannan lambar karajinan ce, wani gari da ake tatsowa daga jar ciyawar teku. Aikinsa kamar na kuka ne a miya, yana sa kauri, yana hana ruwa da maiƙo rabuwa. E406 kuma aga ce, 'yar uwarsa, sai E401 da ake samu daga mai ruwan ƙasa, ana ce mata aljinet.

Aga ita ce abin nan mai kama da daskararren kamu da ake zubawa a faranti a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a shafa fitsari ko jinin majiyyaci a kai don a ga wace ƙwayar cuta za ta tsiro. Tun wajen 1882 ake haka, bayan da wata mata mai suna Fanny Hesse, wadda mijinta ke aiki tare da Robert Koch a Jamus, ta ba da shawarar a gwada abin da take daskarar da kayan zaƙi da shi a kicin. Aljinet kuwa ita likitan haƙori ke cusa maka a baki don ɗaukar siffar haƙoranka, tana cikin Gaviscon da masu ƙwannafi ke sha, kuma masaƙu na amfani da ita wajen buga zane a jikin atamfa.

Akwai wasu biyu da suka fi kusa da tukunyarmu. Sinadarin aidin da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo, a tokar ciyawar teku wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya fara gano shi a 1811. Farin magi kuma, wato Ajinomoto, asalinsa daga 1908 ne, lokacin da wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya binciki abin da ke sa romon wata ciyawar teku daɗi. Yau da rake da rogo da masara ake yinsa, amma can aka samo dabarar.

Wani abu da ya kamata Musulmi su sani: karajinan da aga suna maye gurbin jelatin, wani abin daskarar da abinci wanda a ƙasashe da yawa daga fata da ƙashin alade ake yinsa. Wannan na cikin dalilan da kasuwar abincin halal ke nemansu.

Yadda ake nomanta, daga gabar Zanzibar

Alƙaluman hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana samar da sama da tan miliyan 35 na ɗanyar ciyawar a shekara, kuma kusan kashi 97 cikin ɗari nomawa ake yi, ba tsinta ba. Fiye da rabi daga Sin yake, sai Indonesiya da ke da sama da rubu'i, sai Koriya ta Kudu da Filifin. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma mafi yawan wannan ɗan abin daga Tanzaniya yake, musamman tsibiran Zanzibar. Can ya kamata mu duba, domin talakawa ne irinmu, Musulmi, masu dogaro da ruwa.

A 1989 aka fara noman kasuwa a can, da irin da aka kawo daga Filifin, a ƙauyukan Paje da Jambiyani. Suna kiranta mwani. Yau manoman sun haura dubu 20, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari mata ne. Mazan sun gwada da farko, suka ga kuɗin bai taka kara ya karya ba, suka koma kamun kifi da harkar yawon buɗe ido, suka bar wa mata.

Ga yadda aikin yake. Teku na cika yana janyewa kullum, amma janyewa mai nisa sau biyu take zuwa a wata, lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. A waɗannan kwanakin mace za ta shiga ruwa iya gwiwa ko ƙugu, ta kafa turaku layi biyu a cikin yashi, ta ɗaura igiyar leda daga wannan turke zuwa wancan. A jikin igiyar za ta ɗaɗɗaure 'yan gutsattsarin ciyawar, tazarar taƙi ɗaya tsakani. Shi ke nan shuka. Babu huɗa, babu taki, babu feshi. Bayan kamar mako shida kowane gutsure ya zama dunƙule mai nauyi. Ta kwance, ta ware iri, ta ɗauko sauran a buhu a ka zuwa tudu, ta shanya kwana biyu ko uku. A shanyar nan nauyi ke guduwa, kilo takwas zuwa goma na ɗanya ke komawa kilo ɗaya.

Abin ya canza zaman gidaje. Matan da a da sai abin da miji ya kawo, suka fara biyan kuɗin makaranta, suka sayi kwanon rufi, suka shiga adashi. Wannan gaskiya ne, kuma shi masu talla ke nunawa a hoto. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ciwon baya na yini a sunkuye, da idon da hasken ruwa ke ci, da ƙayar halittun teku da ke soke ƙafa.

Sannan ruwan kansa ya fara juya musu baya. Iri biyu suke nomawa, kotoni da sifinosam. Kotoni ya fi tsada, amma ba ya jure zafi. Da ruwan gaɓa ya ƙara ɗumi a shekarun nan, sai wata cuta ta kama shi, rassan su yi fari kamar ƙanƙara su kakkarye. A wurare da dama noman kotoni ya mutu a ruwa mara zurfi, aka bar mata da mai arhar. Masu bincike irin su Dakta Flower Msuya sun nuna cewa a ruwa mai zurfi, inda ya fi sanyi, yana yi. Sai dai zurfi na buƙatar jirgi da iya iyo, kuma yawancin matan ba su da ko ɗaya. Duk Bakaben da ya ga yadda shinkafar fadama ke nutsewa in ruwa ya zo ba a lokacinsa ba zai gane irin wannan tashin hankali.

Ina kuɗin yake tsayawa?

Kilo ɗaya na busasshen sifinosam a hannun manomiya a Zanzibar ya daɗe bai kai rabin dala ba. 'Yan kamfanonin da ke saye kaɗan ne, su ke yanka farashi. Su ɗaure ta a dila, a loda a jirgin ruwa zuwa Turai da Amurka da Asiya, a can a tace ta ta zama karajinan, a sayar da kilo a kan daloli masu yawa. Daga nan ya dawo Afirka a cikin man goge baki.

Wannan labarin ba baƙo ba ne a Kebbi. Shekara nawa manomin Suru da Augie yana sayar da shanshera a bakin gona da rahusa, a kai wani gari a casa, a zuba a buhu mai tambari, a dawo masa da ita da tsada? Sai da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka fito da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, manyan injinan casa irin na Labana a Birnin Kebbi da na WACOT a Argungu suka kama aiki gadan-gadan, sannan wani kaso na ribar sarrafawa ya fara kwana a jihar. Ko a hakan ma, tambayi manomi nawa ya shigo hannunsa. Albasar Aliero har gobe tana ruɓewa a kaka don babu wurin ajiya, ta yi tsadar zinariya bayan wata huɗu a hannun wanda ya iya ɓoyewa.

Don haka in an ce maka Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2023 yana hasashen sababbin kasuwannin ciyawar teku za su iya ƙaruwa da dala biliyan 11.8 kafin 2030, gaskiya ne ya faɗa. Amma kasuwannin da yake nufi su ne na magunguna, da abincin dabbobi, da ruwan ƙarfafa shuka, da ledar da ke narkewa, da yadi. Duk na mai masana'anta ne. Matan Zanzibar da suka gane haka sun fara niƙa tasu suna yin sabulu da man shafawa suna sayar wa baƙi, kuma abin da suke samu a kilo ɗaya ta wannan hanyar ya ninka na sayar da busasshiya nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce masu sayen sabulun ba su kai yawan masu noman ba.

Yabon da ya tabbata da wanda aka ƙara wa gishiri

Masu goyon baya suna da hujjoji masu ƙarfi. Noman ba ya cin fili, ba ya shan ruwan daɗi, don haka babu rikicin manomi da makiyayi a kansa. Jarinsa igiya ne da turke. Ana girbi sau da dama a shekara. Ciyawar na tsotse ragowar takin zamani da koguna ke kwararowa teku, ƙananan kifaye kuma suna samun mafaka a ƙarƙashinta. A garin da kifi ya ja baya, samun wata sana'a yana rage wa ruwa nauyi.

Inda nake ja da baya shi ne zancen cewa za ta magance ɗumamar duniya. Tana zuƙar iskar kabon, babu musu. Amma ranar da aka ci ta, ko ta ruɓe, iskar ta koma inda ta fito. Masana har yanzu suna jayayya a kan nawa ne ke nutsewa ƙasan teku ya zauna. Kuma noman yana da nasa ɓarnar: tsofaffin igiyoyin leda na taruwa a gaɓa, ana saran itatuwan bakin teku don yin turaku, baƙon iri kuma yana iya kuɓucewa ya danne na gida.

Akwai kuma zancen shanu, wanda na ji ana yi wa makiyayanmu kwaɗayinsa. Gwaje-gwaje a Ostireliya da Kaliforniya sun nuna cewa in aka barbaɗa wata jar ciyawar teku kaɗan a abincin sa, iskar mitan da yake gyatsawa, wadda ke ƙara ɗumamar duniya, tana raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Amma shanun turke ne, da ake auna musu abinci kullum a kwano. Garken da ke tafiya daga Dakingari zuwa bakin Kwara da rani, wa zai bi shi da ma'auni? Kuma Bafulatani me zai samu in gyatsar saniyarsa ta ragu, in ba wani ne zai biya shi ba?

Abu ɗaya da ya riga ya iso shagunan maganin feshi shi ne ruwan ciyawar teku na fesa wa shuka. A Indiya babban kamfanin taki na manoma, IFFCO, yana sayar da irinsa. Yana taimaka wa saiwa, yana sa shuka ta ɗan jure fari. Sai dai abin da ke cikinsa na abincin shuka kaɗan ne, ba zai tsaya a madadin buhun yuriya ko kamfa ba. Wanda ya ce maka ka bar taki ka riƙe kwalba, a gonarka za ka ga sakamako.

Gabar Najeriya fa?

Muna da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, daga Badagiri zuwa Kuros Riba. Amma tsawo ba shi ne dacewa ba. Irin da ake nomawa a Zanzibar yana son ruwa garau mai cikakken gishiri, da duwatsun murjani a gaba da ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Gaɓarmu kuwa laka ce da yashi, igiyar ruwanta da ƙarfi, ga Kwara da sauran koguna suna juye ruwan daɗi da taɓo a ciki, ga malalar mai a Neja Delta. Ciyawar da ke zuƙar komai ta jikinta, in ta tashi a gurɓataccen ruwa, babu kamfanin abinci da zai taɓa ta. Akwai nau'o'in da ke jure ruwa mai ƙarancin gishiri, kuma gano wurin da za su yi aikin cibiyar binciken teku ta ƙasa ne da ke Legas. Abin da ke akwai a yanzu bincike ne da gwaji, ba masana'antar da ta kafu ba.

Ciyawar tekun da masuntan kudu suka fi sani ma annoba ce. Tun 2011 wata mai ruwan ƙasa da ake kira sargasam ke taruwa a tsakiyar tekun Atilantika, iska na koro ta tuli-tuli zuwa tsibiran Karebiyan da gaɓar Afirka ta Yamma, har da Legas da Ondo. Tana cika koma, tana naɗe farfelar inji, in ta ruɓe tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ana ta ƙoƙarin mayar da ita taki da bulo, amma tana tara gubar asanik, don haka ba a gaggawar ba dabba ko zuba ta a gonar abinci.

To, ina rabon Kebbi?

A noman ciyawar teku kanta, babu. Gara a faɗa ƙarara. Ko titin Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068, da aka fara a 2024 ya kammala, kusantar da teku zai yi, ba zai kawo shi Gulumbe ba.

Amma a ma'aikatar da ta jawo zancen, muna da haƙƙi babba, kuma nan ne nake ganin an bar mu a baya saboda kalmar teku ta sa mun ɗauka abin na 'yan kudu ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana ƙarƙashinta, haka sashen kamun kifi na tarayya. Ta Kebbi Kogin Kwara ke shigowa Najeriya. Kan tafkin Kainji, da aka datse a 1968, yana ƙasar Yauri. Bikin kamun kifi na Argungu, da aka faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Jiragen da ke kifewa da mutane, irin na Warra a watan Mayun 2021, a ruwanmu suke kifewa. In ana rabon kasafin tattalin arzikin ruwa, wakilanmu a Abuja ba su da uzurin yin shiru.

Sannan muna da namu ciyayin ruwan, kuma tambayar da mutanen gaɓa suka yi wa tasu ita ya kamata mu yi wa namu: me za a iya yi da wannan abin da ke tsirowa ba a shuka ba?

Burugu shi ne wanda ya riga ya ba da amsa. Ana yankansa a bakin Kwara ana sayar wa masu kiwo da rani, a Mali kuwa har dasa shi ake yi kamar shinkafa, a yi masa rumbu. Kachala da ta toshe dausayin Haɗeja da Nguru, a kwarin Kogin Senegal ana mayar da irinta gawayin girki, abin da zai yi ma'ana a jihar da buhun gawayi ke cin dazuzzukanta. A Chadi matan Kanembu sun daɗe suna tace wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a yashi ta zama waina, suna ce mata dihe, a sa a miya. Ita ce sifirulina da ake sayarwa a kwalba da tsada a kantunan magani. Ita ruwan kanwa take so, ba na teku ba, kuma zafi irin namu ya yi mata, don haka in akwai gansakukar da ta cancanci a gwada a kwami a Kebbi, ita ce. Sai dai tana son tsabta ƙwarai, gurɓatacciya tana iya cutarwa, aikin jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi ne kafin ya zama na matasan unguwa. Akwai kuma azola, wata 'yar mitsitsiyar shuka mai yawo a kan ruwa, da manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi ɗaruruwan shekaru suna bari a fadamunsu domin tana kamo sinadarin da yuriya ke bayarwa daga iska, kaji da kifi kuma suna cinta. A jihar shinkafa da buhun taki ya gagari talaka, na yi mamakin yadda ba a jin zancenta.

Sai wadda kawu ke kuka da ita, baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure. Asalinta Kudancin Amurka. A 1984 aka fara ganinta a Najeriya ta wajen Badagiri, daga baya ta biyo Kwara daga sama ta shigo Kainji. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Tana rufe fuskar ruwa kifi ya rasa iska, tana ɓoye kututture har jirgi ya hau, tana tara sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya. Duk da haka wata 'yar Najeriya, Achenyo Idachaba, ta kafa sana'a a kanta, tana koya wa mata busar da karanta su murɗa igiya su saƙa kwanduna da jakunkuna. Ana yin takin gargajiya da ita, ana samun iskar girki. Matan da suka iya saƙa faifai da tabarmar kaba ba sai an daɗe ana koya musu ba.

Amma cikas ɗin Zanzibar yana nan yana jiranmu. Wajen kashi 95 cikin ɗari na nauyin wannan kainuwar ruwa ne zalla. Ka cika jirgi maƙil, ka shanya, abin da zai rage ba zai cika buhu biyu ba. In ba a bakin ruwan aka kafa wurin busarwa da saƙa ba, kuɗin dako ya cinye ribar tun ba a fara ba. In kuma ba a san mai sayen kwandon ba kafin a saƙa, ɗakin ajiya kawai za a cika.

Na koma Argungu bayan mako biyu na kwashe duk wannan na faɗa wa kawu, har da hoton jakar da aka saƙa da karan kainuwa a wayata. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce saƙar ta yi kyau. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "To, ɗana, mu ka yanke ta mu hiddo ta tudu. Wa ka biyan man inji?"